Ba Wanda Ya Zuba Masa

Ni dai ban taɓa kai giya bakina ba, ban kuma taɓa zama inda ake shanta ba, amma ladubban shanta na san su kamar yunwar cikina. Mutanen Koriya ne suka koya min su, kuma a nan Madina, garin da ko warinta ba ka ji. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya. Ni abin ya daina ba ni dariya tuntuni.

Aikin lantarki na karanta. Wani kamfaninsu ne ya ɗauke ni lokacin da suka sami kwangilar shimfiɗa bututun ruwa a bayan gari, can inda gidaje suka ƙare baƙaƙen duwatsu suka fara. Iyalina suna unguwar Azizya, a wani bene a saman shagon mai burodin tamis. Kullum bayan asuba motar kamfani ta ɗauke ni, sai magariba ta dawo da ni. Su kuwa Koriyawan a sansani suke kwana, cikin ɗakunan kwano da aka jera kusa da wurin aikin. A ofishin injiniyoyi ni kaɗai ne ba ɗan ƙasarsu ba.

Ran Alhamis idan an tashi aiki suna da wani cin abinci na dole. Mudir, wato shugaban wurin, shi ke zama a kujerar farko, sauran kowa ya bi layin girmansa. Naman a kasuwar Madina ake sayo shi, don haka ba ni da uzurin ƙin zuwa. A ƙasarsu abin da ke tafiyar da irin wannan zama wata farar giya ce da suke kira soju. A nan babu ita, kama mutum ake yi. To sai kukunsu ya dafa sha'ir, ya tace ruwan, ya sanyaya, ya zuba a butocin ƙarfe. Amma kofunan na giyar ne, 'yan mitsi-mitsi na gilashi, a jakunkunansu suka taho da su daga gida. Idan akwai wani abin da suke ɓoyewa a ɗakunansu, ban gani ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar da na fara zuwa, barkono ya kama min maƙogwaro, na miƙa hannu na ɗauki buta zan cika kofina. Sai na ji an riƙe min tsintsiyar hannu, gam. Wani dattijo ne a gefena, gajere, kai fari fat, hannu duk tabon wuta. Shi ne shugaban masu walda da masu saka bututu.

"La, la, muhandis," ya ce, wato a'a, a'a, injiniya. Da Larabcin lebura yake magana, wanda ya tsinta a shekarun da ya yi a sansanonin ƙasar nan. "Mutum ba ya zuba wa kansa."

Ya karɓi butar ya zuba min. Ya nuna min in riƙe kofin da hannu biyu tunda ya girme ni. Ya nuna min in kawar da fuska gefe in kare baki da tafi kafin in sha, don ba a sha ido cikin ido da babba. Da na shanye, sai ya miƙo nasa kofin, ya gyara min hannuna, dama a kan buta, hagu tana tallafe da ita ta ƙasa. Ya ce idona ya zauna a kan kofin na kusa da ni, in ya ƙare in cika, in kuwa da saura a ciki ko kaɗan ne, kada in ƙara.

Ammu nake ce masa, wato baffa da Larabci. Na ce, "Haba Ammu! Duk wannan fadancin a kan ruwan sha'ir?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce giyar ai ko ba ta nan zaman yana nan. Wanda ya cika maka kofi, ya nuna ya san kana wurin.

Matata ba ta ji daɗin labarin ba ko kaɗan. Ta ce, "Injiniya, kai da ke salla a Harami ka je ka zauna ana koya maka riƙon kofin mashaya? Yau ruwa ne, gobe fa?" Raina ya ɓaci, na ce mata goben ma ruwa ne, in ba ta yarda ba ta biyo ni. Ta bar maganar, amma duk Alhamis in na shigo sai ta karɓi rigata ta shinshina, ta yamutsa fuska ta ce tafarnuwar mutanen nan ta isa ta kori aljani. Yarana kuwa, da ke amsa min Hausa da Larabci, suka mai da abin wasa. A kan tabarmar cin abinci sai ka ga ƙaramin ya juya wa babban ƙeya yana kurɓar shayi, suna ƙyalƙyala dariya.

A hankali muka saba da dattijon. Tun yana saurayi ya fara zuwa Saudiyya, zamanin da mutanensu ke gina hanyoyi cikin sahara. Daga wannan sansani sai wancan. Matarsa a gida ta saba da rashinsa har zuwansa hutu ya zama mata aiki, 'yarsa kuma an ɗaura mata aure yana cikin rami yana duba bututu. Ba da kuka yake faɗin haka ba, faɗi kawai yake. Ya ce min kofin farko da ya sha a duniya mahaifinsa ne ya zuba masa, yana durƙushe a gabansa, don a wurinsu a hannun babba ake koyon sha, wai wanda ya koya a hannun sa'anninsa ba ya da ladabi har ya mutu. Na ce masa mu ubanmu da ya ji warinta a jikinka sai dai uwarka ta haifi wani. Ya ce to kowa da irin ubansa.

Duk wanda ke kan teburin nan ya taɓa shan zubin hannunsa. Shi kansa mudir, lokacin yana sabon ma'aikaci, dattijon ne ya fara cika masa kofi a wani sansani. Iyalin da yake da su na gaske su ne waɗannan mutanen da ke kewaye da tebur, kuma ya san haka.

A cikin masu waldarsa akwai wani Bahaushen Chadi, magidanci mai 'ya'ya ƙanana, haifaffen nan Madina, gidansu a unguwar Harra ta Gabas. Shi kaɗai nake yin Hausa da shi a wurin aiki. Kullum sai ya tsokane ni, wai Hausar Kano sauri gare ta kamar mai bin bashi. Ni kuma in ce tasa ta sha Larabci har ta manta hanyar gida.

A cikin sanyi aka yi wani ruwan sama mai ƙarfi, irin wanda Madina ke yi sa'i-sa'i ya cika kwari. Akwai wani rami mai zurfi da aka riga aka cire katakon da ke tokare bangonsa, aka kai gaba, saboda ana sauri. Sauran haɗin bututu ɗaya a cikinsa. Dattijon ya ce a jira ƙasa ta bushe a mai da katako. Mudir ya ce ba lokaci. Suka yi maganarsu da yarensu, dattijon ya sunkuyar da kai, ya juyo, da bakinsa ya ce wa mutumin Chadin ya sauka. Ni ina tashar wuta lokacin, ihun lebura na jiyo. Kafin a tono shi rai ya yi halinsa. Da na iso, dattijon yana durƙushe a cikin laka yana share masa ƙasa daga baki da yatsa.

Aka yi masa salla a Harami, muka kai shi Baƙi'a. Kafin mu dawo daga maƙabarta magana ta riga ta daidaita a ofis, wai mamacin shi ya shiga ramin da aka rufe ba tare da izini ba. Leburorin da suka gani da idonsu suka yi gum, don iƙamar kowa, wato takardar izinin zama, a hannun kamfani take. Tawa ma haka. Wallahi a kwanakin nan ko kallon Koriyawan ba na son yi.

Washegarin binnewa da yamma dattijon ya tare ni a bakin mota, ya ce in kai shi gidan mamacin. Na ce ya je ya yi me? Ya ga marayun da ya yi? Haka na faɗa masa, ban rage ba. Ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna. Sanye yake da baƙar kwat da ta yi masa yawa.

Lungunan Harra ta Gabas mota ba ta shiga dukkansu, da ƙafa muka ƙarasa. An jera kujeru a ƙofar gida bayan magariba, samari na yawo da gahawa da dabino. Mahaifin mamacin tsoho ne dogo, ido ya fara yana, yana zaune a tsakiya. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, na ce, "Baba, wannan shi ne ubangidansa a wurin aiki."

Tsohon ya laluba hannun dattijon ya riƙe. Ya ce, "Kai ne? Yaron nan kullum zancenka yake. Ya ce kai ka gyara masa hannu a walda." Na fassara, don ba yadda zan yi. Sai tsohon ya miƙe, ya karɓi butar gahawa daga hannun wani saurayi, ya ce wannan baƙon shi zai zuba masa da kansa.

Dattijon ya miƙe zumbur. Ya karɓi ɗan finjalin da hannu biyu, ya rusuna, ya juya fuskarsa wajen bango, ya kare baki ya shanye. Na ji samarin sun fara gunaguni da Larabci, wai wannan ya kashe mana ɗan'uwa kuma ya zo yana juya wa tsoho baya. Na ɗaga murya da Hausa na ce su kama bakinsu, girmamawa ce, a ƙasarsu ba a sha ana kallon babba. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe suna da kunya irin tamu."

To kowa a garin nan ya san ƙa'idar gahawa. In ka miƙa finjali haka kawai, ƙara maka za a yi, sai ka ɗan girgiza shi sannan a san ka ƙoshi. Dattijon bai san wannan ba. Ya miƙa da hannu biyu, tsohon ya ƙara. Ya juya wajen bango ya sha, ya miƙa, tsohon ya ƙara. Na matsa na raɗa masa ya girgiza kofin. Ya ji ni sarai. Ya ce ba zai ce wa hannun wannan mutumin ya isa ba. Haka suka yi ta yi, ɗaya na zubawa ɗaya na sha, har hannun tsohon ya gaji gahawa na zuba a ƙasa. Sannan dattijon ya roƙi a ba shi butar. Ya cika finjalin, hagu na tallafe da dama, ya miƙa wa tsohon. Tsohon ya karɓa ya sha.

Muka shiga mota muka fita gari. Can ya ce, "Muhandis, na sha daga hannunsa." Na ce to sai me? Ya mai da ido kan hanya.

Da masu bincike na hukuma suka zo, aka shiga da Koriyawan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya maimaita abin da aka tsara. Da aka zo kan dattijon sai ya faɗi yadda aka yi, daga cire katakon har umarnin mudir, har nasa bakin da ya ce a sauka. Aka tsai da aiki na wani lokaci. Iyalin mamacin suka sami haƙƙinsu cikakke, aka kuma goge masa sunan mai ganganci. Mudir ya sha faɗa daga sama amma bai bar kujerarsa ba.

Na zaci za a yi tashin hankali, a zage shi, a kore shi nan take. Ko ɗaya. Da safe suna rusuna masa kamar kullum. Ran Alhamis kujerarsa na nan, an ajiye masa tasa da tsinken cin abinci da ɗan kofinsa. Aka zagaya da buta, kowa ya cika wa na kusa da shi. Kofin dattijon aka tsallake shi. Ba wanda ya kalle shi, ba wanda ya ce komai, hira ake yi ana dariya. Shi kuwa ya ɗauki buta da hannu biyu ya nufi mudir. Mudir bai hana shi ba, kofinsa kawai ya bari a cike, kuma ba a ƙara wa kofin da ke da saura. Ya juya wajen na gaba, shi ma ya rage ɗan ruwa a ƙasan nasa. Haka ya zagaye teburin da buta a hannu, ya dawo ya ajiye ta ya zauna.

Ni a can ƙarshen tebur aka mai da ni tun bayan hatsarin, kusa da wani injiniya sa'ana da muke ofis ɗaya. Na yunƙura zan tashi, ya danne min gwiwa. Bayan an watse ya ja ni gefe. Ya ce kada in sa hannu, abin nasu ne kuma yana da ƙarshe. Za a bar shi ya ji ƙishi, ya san ya fasa tukunyar gida a gaban baƙi. In mudir ya ga ya isa, wata Alhamis zai ɗauki buta da kansa ya cika masa, shi ke nan magana ta mutu, ba wanda zai sake tada ta. Na ce yaushe? Ya ce mudir kaɗai ya sani.

Na ce, "Mutumin da ya faɗi gaskiya ne zai jira wanda ya kashe mutum ya yafe masa?"

Ya ce, "Kai ba za ka gane ba."

Aka yi ta tafiya a haka. Kowace Alhamis dattijon zai zo da wankakkiyar riga, ya zauna, ya ci abincinsu mai barkono kamar wuta, buta na nan a gwiwar hannunsa, ba zai taɓa ta don kansa ba. Na ce masa ya daina zuwa mana. Ya ce in bai zo ba, ranar da mudir zai zuba wa zai zuba wa? Na ce to ya sha ruwa a ɗakinsa kafin ya zo. Ya ce yana sha. Ya rame, kwat ɗin nan ta ƙara yi masa yawa. Idonsa kullum yana kan hannun mudir. In mudir ya miƙa hannu wajen buta sai ka ga dattijon ya gyara zama, yatsunsa sun matsa kusa da kofi. Sai mudir ya cika wa wani. Ban taɓa ganin wulaƙanci mai tsabta irin wannan ba, kuma ya fi zagi ciwo.

Matata da ta ga ina dawowa ba na cin tuwo, ta tambaya na faɗa mata. Ita da ke ƙyamar zaman, sai ga ta tana cewa, "Ruwa fa? Ruwan sha suke hana tsoho? Kai kuma kana zaune kana kallo?" Na ce an ce in jira. Ta ce to Allah ya ba ni ladan jira.

Ranar da abin ya faru wata miya ce kukun ya yi, ja wur. Dattijon ya ƙware. Tari ya sarƙe shi, fuska ta yi ja, hawaye na zuba, yana dukan ƙirji. Buta na gabansa. Na dubi mudir, yana tsintar kifi da tsinke kamar ba ya ji. Na dubi sauran, kowa ya sa ido a tasarsa. Abokin ofishina ya sake danne min gwiwa, na make hannunsa. Na tashi, na zagaya teburin, na ɗauki butar yadda shi ya koya min, na cika kofin har baki. Da na tsaya nan da wataƙila da sauƙi. Amma ni bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci. Na ce da Larabci, da ƙarfi yadda har kuku ya leƙo, "Mutum zai mutu a gabanku kuna kallo! Wannan ne ladabin naku? Ɗaya bai ishe ku ba?"

Dattijon ya dubi kofin, ya dubi mudir, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗauka da hannu biyu. Ni da na yi sa'an ɗansa, ni ya kawar wa fuska, ya kare baki ya shanye. Mudir ya ajiye tsinkensa a hankali, ya goge baki, ya miƙe ya fita. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Aka bar mu mu biyu da teburi cike da abinci.

Da safe abokin ofishina ya ce min, "Ka gama shi." Ya ce muddin ba wanda ya faɗa da baki, ana iya yin kamar mantuwa ce ake yi, mudir na iya zubawa ba tare da ya zubar da girmansa ba. Yanzu in ya zuba, umarnin baƙo ya bi. Ba zai taɓa yi ba. Na ce masa ni ban ga laifin da na yi ba, kuma har yau da nake wannan rubutu ban gani ba. Mutum na ƙwarewa a gabana, ruwa na hannuna. In aka sake, sake zubawa zan yi.

Ni ba abin da aka yi min, sai dai an daina kirana cin abincin, abin da ya yi wa matata daɗi. Shi kuwa dattijon da kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Al'adarsu ce duk mai tafiya a yi masa zaman sallama, kowa ya cika masa kofi. Shi ba a yi masa ba.

Ana gobe zai tashi na kawo shi gidana. Matata ta yi masa shinkafa da miyar da ba barkono ko ɗaya, ta aiko da zoɓo mai sanyi a jug. Na zuba masa, ya zuba min. Ya yaba zoɓon, ya ce launinsa kamar wata giyar 'ya'yan itace da mahaifiyarsa ke yi. Na daure na tambaye shi, "Ammu, da ban tashi ba, da zai zuba maka?"

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce, "Ban sani ba, muhandis. Wataƙila sati mai zuwa. Wataƙila ba zai taɓa ba." Sannan ya ce, "Da dai na so in sani." Da zai sauka daga bene ya dafa kafaɗata ya ce ruwan ranar ya yi masa daɗi ƙwarai, ƙishi yake ji.

Ba mu sake magana ba. Lambar da ya ba ni ta daina shiga bayan 'yan watanni. Aiki ya ci gaba, bututu ya kai inda aka nufa, ruwa ya taho.

Sai da shekara ta kewayo, abokin ofishina ya dawo daga hutu, ya shigo ya rufe ƙofa. Ya ce dattijon ya mutu. Zama da matarsa bai yiwu ba, ya kama wani ɗan ɗaki shi kaɗai a wani gari mai tashar jiragen ruwa. Ba mai zuwa wurinsa. Mai gidan ne ya ji shiru ya yi yawa ya buɗe ƙofa. Ya same shi a zaune a gaban ɗan tebur, kwalaben soju jere a bango. Mutumin da ya riƙe min hannu ya ce ba a zuba wa kai, da hannunsa ya yi ta zuba wa kansa har hanta ta tafi.

Na yi salati. Shi kuwa abokin nawa, wai don ya sanyaya min rai, ya ci gaba. Ya ce kada in damu, an yi masa jana'iza ta mutunci. A wurinsu ana ajiye hoton mamaci a kan tebur da furanni, da kofi a gabansa, masu zuwa su durƙusa su cika masa. Ya ce duk mutanen kamfani da ke gida lokacin sun je. Mudir ne ya fara shiga. Ya durƙusa, ya riƙe kwalba da hannu biyu, ya cika kofin, har ya yi kuka. Bayansa kowa ya zuba.

Na ce, "Kowa?"

Ya ce, "Kowa. Har ni."

Na ce, "To ya sha?"

Ya dube ni, ya buɗe ƙofa ya fita. Ban ƙara wata shida a kamfanin ba na nemi canji.

Tun bayan rasuwar mutumin Chadin na riƙe gidansu, nakan leƙa bayan sallar Juma'a in gai da tsohon in ga yaran. Idonsa yanzu ya rufe gaba ɗaya, da murya yake gane ni. Ba na yin zuwa biyu bai tambaye ni ba, "Ina mutumin nan naka mai juya wa bango fuska?" Nakan ce ya koma ƙasarsu, Baba. Bakina ya kasa ƙarasa sauran.

Juma'ar da ta wuce ma ya tambaya. Na ba shi amsar da na saba. Ya laluba butar gahawa a gefensa ya taɓa ta, ya ce, "In ya dawo ka kawo min shi. Mutumin nan fa bai girgiza kofinsa ba ya tafi, ban gama zuba masa ba."

Na ce to, Baba. Na miƙa nawa finjalin da hannu biyu, ya cika min.